Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, kan magungunan "nano"

Assalamu alaikum, Mai girma Minista.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, na rubuto ne kan wasu magungunan ƙarin lafiya da suka fara yawa a kantuna da zaurukan WhatsApp, masu ɗauke da kalmar "nano" a jikin kwalabensu. Masu tallarsu na cewa suna hana ciwon suga da hawan jini, har da sankara. Harhaɗa magunguna ne aikina, kuma ina roƙon ma'aikatarka ta sa ido tun ran gini tun ran zane.

Ita fasahar ba ƙarya ba ce. Jiki yakan samar da wasu sinadarai da ke cin ƙwayoyin halitta a hankali, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe, su kuma sinadaran antioksidan su ne ke tare wannan ɓarnar. Akwai su a kurkur da zoɓo da zogale da ganyen shayi. Sai dai kurkumin, wato sinadarin da ke cikin kurkur, ba ya narkewa a ruwa. Kaɗan ne ke ratsa hanji, wanda ya ratsa ɗin ma hanta ba ta barinsa ya daɗe. Shi ya sa masana ke ƙunshe shi cikin 'yan mitsi-mitsin ƙwanson mai, masu faɗin nanomita 100 ko 200, alhali a milimita ɗaya akwai nanomita miliyan; wannan ƙanƙantar ce ake nufi da "nano". Da irin wannan dabara aka yi Doxil, maganin sankara da Amurka ta amince da shi a 1995, haka ma alluran rigakafin korona na Pfizer da Moderna.

To amma shigar sinadari cikin jini daban, hana cuta daban. Kai likita ne, ka fi ni sanin wannan tarihin. A Finlan an gwada betakarotin, wani antioksidan da ke cikin karas, a kan maza masu shan sigari sama da 29,000, ana fatan ya kare musu huhu. Da sakamako ya fito a 1994, sankarar huhu ta ƙaru ne da kashi 18 cikin ɗari a cikin waɗanda suka sha. A Amurka an tsayar da gwajin CARET, shi ma na betakarotin haɗe da bitamin A, a 1996 tun wa'adinsa bai cika ba, saboda ƙarin ya kai kashi 28. Gwajin SELECT kuma, mai maza sama da 35,000, ya nuna a 2011 cewa bitamin E, wanda shi ma antioksidan ne, ya ƙara haɗarin sankarar furostet, wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, da kashi 17. Duk waɗannan a ɗakin gwaji sun yi kyau. Abin da ke amfani cikin ganye da 'ya'yan itace, in aka tace shi aka dunƙule a ƙwaya, ba lallai ne ya zama alheri ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, yadda fasahar ke ƙara shigar da amfani, haka take ƙara shigar da illa. A 2019 hukumomin Italiya sun gano mutane da dama da hantarsu ta kumbura bayan shan ƙwayoyin kurkur, akasari waɗanda aka haɗa don su fi saurin shiga jini. A 2023 hukumar magunguna ta Ostareliya ta yi gargaɗi kan hakan. Mu kuwa da ciwon hanta nau'in B ya riga ya yi mana katutu, yaya ke nan?

Ranka ya daɗe, ka ɗauki ɗaya daga cikin kwalaben ka juya bayanta. Za ka ga lambar NAFDAC ɓaro-ɓaro, a ƙasa kuma da ɗan siririn rubutun Turanci an ce hukumar ba ta tantance iƙirarin maganin ba. Dattijon da ya zo da katin asibiti a aljihu lambar kawai yake gani. Shi a wurinsa gwamnati ta sa hannu ke nan, sai ya ajiye metformin, wato maganin suga, ko maganin hawan jininsa ya koma wa kwalbar da ta fi su tsada. Irin wannan sakaci kan kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki ko wankin ƙoda.

Don haka ina roƙon a umarci NAFDAC ta ware wa kayan nano ƙa'ida tasu. Duk kamfanin da ya rubuta kalmar ya kawo shaidar girman 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin nano da ke ciki da gwajin lafiyar hanta da ƙoda, kada a yi musu rajista kamar garin ganye. Gargaɗin nan kuma a rubuta shi da manyan baƙaƙe, da Hausa da Yarbanci da Ibo, a karanta shi a duk tallar rediyo.

Ba na neman a rufe ƙofar bincike. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, NIPRD, da ke Abuja ta taɓa fitar da Niprisan na ciwon sikila daga tsirranmu, kuma akwai ƙananan gwaje-gwaje da suka nuna zoɓo na ɗan sauke hawan jini. A ba cibiyar kuɗi, tare da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Maiduguri, su yi gwaji na gaske a kan mutanenmu na tsawon shekaru, a wallafa sakamakon ko da bai yi daɗi ba. Kafin nan, duk mai tallar da ya ce kwalbarsa na hana suga ko sankara, a janye masa rajista.

Allah ya yi maka jagora. Wassalam.

Naka,
Wani mai harhaɗa magunguna daga Kano