Amsa ga Alhaji kan "tatsuniyar" jan ƙarfe

Alhaji, ranka ya daɗe, bayan gaisuwa.

A taron iyaye da malamai ka tashi gaban ɗalibaina da iyayensu ka tambaya wa ya taɓa ganin hayaƙi ya koma mai, kuma ko albashin tatsuniya gwamnati take biyana. Ka ƙara da cewa wataƙila kuɗin tallafin Turawa nake hange. Na yi shiru a wurin saboda furfura. Zancen tallafi ba zan ɓata tawada a kansa ba, kowa a garin nan ya san babur ɗin da nake hawa. Tatsuniyar ce ta tsaya mini a rai.

Ga abin da na koya wa 'yan aji uku. Iskar kabon dayokzaid, irin wadda ke fita daga bututun masana'anta, in aka haɗa kaso ɗaya nata da kaso uku na iskar haidurojin, ana samun ruwa da metanol, wani sinadari da ake iya ƙonawa a matsayin mai. Amma ba sa haɗuwa haka kawai, sai an bi da su ta kan jan ƙarfe da aka cakuɗa da sinadaran tutiya da alminiyam, a zafin digiri 200 zuwa 300, da matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa sau 50 zuwa 100. Aikin jan ƙarfen irin na dillali ne a karar Maigatari: ya ƙulla ciniki, ya koma ya jira wani, ba shi ake kora da saniyar ba.

Ba ni na ƙago wannan ba. Kamfanin BASF na Jamus ya fara yin metanol a masana'anta tun 1923, da matsi mai tsanani. A 1966 kamfanin ICI na Ingila ya kawo hanyar jan ƙarfe, matsin ya sauka, kuma har yau da ita ake yin mafi yawan metanol ɗin duniya, sai dai daga iskar gas ko kwal. Sabon abin shi ne ɗebo kabon ɗin daga hayaƙi. A ƙasar Aisland an gina masana'anta mai sunan George Olah, masanin sinadarai da ya ci kyautar Nobel a 1994, don fitar da tan 4,000 a shekara. A 2022 aka buɗe wata a Anyang ta ƙasar Sin, ta tan 110,000. In tatsuniya ce, to Gizo ya yi arziki.

Da ka duba littafin jikarka, da ka ga ban ɓoye cikas ɗin ba. Ruwan da ake samu tare da metanol ɗin yana dunƙule ƙwayoyin jan ƙarfen, ƙarfinsu ya ragu. Farar wuta kaɗan tana kashe aikin jan ƙarfen. Babban cikas ɗin kuwa haidurojin ne: kowane tan na metanol yana cin kusan kilo 190, kuma in ana so ya zama mai tsafta, da lantarki ake tsago shi daga ruwa. Na kuma ja musu kunne cewa metanol guba ne, kurɓa kaɗan tana makantarwa. Saboda haka hankalinka ya kwanta, gidan manka ba ya cikin haɗari bana, ko baɗi.

Lantarkin nan kuwa, ai ka fi ni sanin labarinsa. Jan ƙarfen da muka iya sarrafawa a nan shi ne wanda aka kwance daga taransifomar gari cikin dare aka sayar a kilo, ban kuma ji ka tashi a wani taro ka tambayi wa ya saya ba. Tsaga ruwa da batirin babur nake nuna wa yara, da bakin fensir biyu a cikin yankakkiyar robar ruwa, su sunkuya suna kallon kumfa na tashi. Yarinyar da ta fara lura cewa kumfar ɓangare ɗaya ta fi ta ɗayan yawa 'yar mai sayar da ƙosai ce, kuma irinta kake so a ce wa wannan ilimin ba na ƙauye ba ne.

Ɗakin gwajin da aka aza harsashinsa lokacin kana kansila har yanzu a linta yake, awaki ke kwana ciki. An ce an sayo kwanon rufi. Ina roƙon arziki a gaya mana inda aka ajiye shi kafin damina ta faɗi.

Naka,
malamin kimiyyar sinadarai, ƙasar Gumel