Takardun awo ne suka tayar da tsohon garin Warso

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai albarka mu yi magana kan Warso, babban birnin ƙasar Polan, saboda ana yawan ambatonsa idan an zo batun raya tsofaffin gine-gine, amma ba a faɗin yadda aikin ya gudana.

Bayan boren kwana 63 da mutanen birnin suka yi wa sojojin Jamus daga 1 ga Agustan 1944, an rusa kusan kashi 85 cikin ɗari na Warso, har da fadar sarakuna. A 1945 hukuma ta buɗe ofishi na musamman don sake gina birnin. Kuɗi da ma'aikata sun yi nasu, amma abin da ya riƙe aikin shi ne takardu. Tun kafin yaƙin, malamai da ɗaliban sashen zanen gine-gine na kwalejin fasaha ta Warso sun auna tsofaffin gidaje sun zana su, kuma an tserar da zanen. Da wannan zanen ne Farfesa Jan Zachwatowicz, masanin gine-gine, da abokan aikinsa suka yi aiki, haɗe da hotuna da zane-zanen da Bernardo Bellotto, wani mai zane ɗan Italiya, ya yi wa titunan birnin a ƙarni na 18. An tace ɓaraguzai, an ware bulo mai kyau da gutsattsarin ado, an mayar da su jikin sabon gini. Dandalin kasuwar tsohon gari ya buɗe a 1953. Fadar kuwa sai a 1971 aka fara ta da gudummawar jama'a, aka gama a 1984. UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 1980.

Aikin bai rasa aibu ba. Bellotto mai zane ne, yakan ƙara wa gini ado don hoto ya yi kyau, kuma inda aka bi shi ba tare da awo ba an gina abin da bai taɓa tsayuwa a wurin ba. An kuma kwaso bulo daga Wrocław, wani birnin na Polan, har aka rushe gidajen can da za su iya gyaruwa.

Namu ginin na ƙasa ne, damina biyu ba yaɓe ta isa ta cinye shi, don haka mun fi su buƙatar awo. Gidan Nabame da ke Argungu da tsofaffin zaurukan Gwandu su ne wurin farawa. A kowane soro a auna tsawo da faɗi da tsayi, da kaurin bango a gindi da kuma a sama, domin bangon tubali yana sirancewa yayin da yake hawa. A ƙirga azara, a rubuta tazarar da ke tsakaninsu da yadda aka ɗaura baka, a nuna inda kowane indararo yake zubarwa. Hoto kuma daga kusurwa huɗu, da sandar awo a jingine da bango. A tambayi tsofaffin magina ramin da aka ɗebo ƙasa da yadda suke haɗa makuba, tunda rashin wannan ne ke sa a shafe bango da siminti, danshi ya taru a ciki, yaɓen ya ɓamɓare da ƙasar bangon.

Ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi za su iya wannan a rani ɗaya. Kwafi ɗaya ya zauna a masarauta, ɗaya a kwalejin.

Naka,
Wasu magina da masu zanen gine-gine,
Birnin Kebbi