Raguwar mace-mace ba ita ce raguwar yaɗuwar ƙanjamau ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ana yawan cewa a rahotannin lafiya tunda masu mutuwa da ƙanjamau sun ragu, yaɗuwar cutar ma ta ragu. Masu ƙididdiga ba haka suke karanta rajistar mamata ba.

Wanda ya kamu da ƙwayar HIV kuma bai sha magani ba, yakan yi shekara 10 zuwa 11 a matsakaici kafin ta yi ajalinsa. Ke nan mamatan bana labarin kamuwar shekara goma baya suke bayarwa. Abin da ake yi shi ne a ɗauki adadin mamatan kowace shekara, a haɗa da jadawalin tsawon lokacin da cutar ke ɗauka a jiki, a lissafa baya a gano mutum nawa suka kamu a kowace shekara. Masana ƙididdiga Brookmeyer da Gail ne suka shimfiɗa wannan hanya a Amurka a 1986, da adadin waɗanda cutar ta riga ta kwantar.

Inda aikin ke lalacewa shi ne takardar shaidar mutuwa. A Afirka ta Kudu, mamatan da aka yi wa rajista sun tashi daga kimanin 317,000 a 1997 zuwa sama da 600,000 a 2006, amma ƙalilan ne aka rubuta musu HIV. Likita sai ya rubuta tarin fuka, ko ciwon huhu, ko gudawa, sau da yawa don rufa wa iyali asiri. Dole masana suka koma kan shekarun mamatan. Suka ga mutuwa ta yi tsiri a tsakanin matasa, musamman mata masu shekara 25 zuwa 34, suka kwatanta da yadda waɗannan cututtuka ke kisa kafin annobar ta yi ƙarfi, rarar suka jingina wa ƙanjamau. Kafin nan sai an cire ƙarin da inganta rajistar kanta ya kawo, in ba haka ba lissafin ya kumbura.

Magani kuma ya sauya komai. Da asibitocin gwamnatin ƙasar suka fara raba maganin rage kaifin cutar a 2004, tazarar kamuwa zuwa mutuwa ta tsawaita. Mace-mace na iya raguwa ana ci gaba da kamuwa.

A Najeriya kuwa hanyar ba ta da ƙafar tsayawa, domin kusan mutuwa ɗaya cikin goma ake yi wa rajista. A wajenmu ma akan yi jana'iza ranar da aka rasu, babu mai neman takarda. Binciken ƙasa kan ƙanjamau na 2018, wato NAIIS, ya bi gida-gida ne yana gwajin jini, ya samu kimanin kashi 1.4 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ƙwayar.

Don Allah idan jami'i ya kawo muku adadi, wakilinku ya tambaye shi: na mamata ne, na masu ɗauke da ƙwayar ne, ko na sabbin kamuwa?

Naku,
Mai karatu daga Zariya