Abba, ka faɗa wa koci gaskiya

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan zamanka. Mu nan lafiya lau, sai dai Ummanka har yanzu takan manta ta zuba tuwo da rabonka.

Sani ya dawo daga Jos ranar Laraba. Ya ce ya gan ka kana ɗingishi bayan atisaye, hannunka dafe da bayan cinya, amma da koci ya tambaye ka sai ka ce lafiyarka ƙalau. Ya ce har ƙwayar kashe zafi kake haɗiya kafin ka shiga fili, wai don masu zaɓen 'yan wasa da za su zo ƙarshen wata. Ranar Juma'a mun yi waya, ka cika ni da labarin ƙwallon da ka ci, wannan kuwa ko uffan. Shirun nan naka ya hana ni barci.

Ka san ƙafata ta hagu, tun kana ƙarami kake kwaikwayon tafiyata. Ina shekara 19, ina tsaka da gudu, na ji kamar an jefe ni da dutse a bayan cinya. Aka kai ni wurin mai tausa, ya murje ta da man zafi har na yi hawaye. Kwana 10 na koma fili don kada a ba wani lambata. Ban yi minti 20 ba ta sake yagewa, a wurin nan dai. Sauran ka sani, a shagon ka taso.

Tsoka uku ce a wurin, daga ƙashin da kake zama a kai har ƙasan gwiwa. Ta fi yagewa in mutum ya ware da gudu, daidai lokacin da ƙafa ta miƙa gaba za ta taka ƙasa, kuma wanda ya taɓa ji ya fi kowa saurin sake ji. Ƙwaya zafin take danne maka, naman yana nan a yage. A shekarunka 16 kuma ƙashinka bai gama haɗewa ba, tsokar tana iya fizgo ɓallin ƙashi daga can sama. In a gindin ɗuwawu zafin yake, ko zama yana ba ka wuya, a ɗauki hoton ƙashi. Ni zan biya, ko da keken ɗinkin ne zai tafi.

Osimhen da ka manna hotonsa a bango, a watan Oktoba na 2023 ya ji irin wannan ciwo a wasan sada zumunta na Najeriya da Saudiyya, ya yi kusan mako 6 bai buga wa Napoli ba. Shi ya zauna, sai kai? Wa ka fi, Abba? So kake ka dawo mini da ƙafa ɗaya da rabi, mu jeru a bakin shago muna ba yara labarin da can? Ka san abin da kawunka Lawan ya faɗa a gaban mutane ranar da na ce ka tafi. Ni kaɗai na tsaya maka, don na ga kana da abin da ni ban samu ba. Kada ka sa bakinsa ya kama mu.

Ka yi haƙuri, raina ne ya ɓaci.

Gobe da safe ka sami koci da mai duba lafiyarku, ka faɗa musu komai har da maganar ƙwayar. In tsokar ta sake motsawa, ka naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora minti 15 zuwa 20, ka ɗaure da bandeji, ban da tausa da gashin ruwan zafi a kwana 3 na farko. Ba ka koma wasa ba sai ka iya gudu iya ƙarfinka ba ka ji komai ba, ƙafar kuma ta yi ƙarfi daidai da 'yar'uwarta. In sun ba ka izini, ka riƙe atisayen da ake kira Nordic: ka durƙusa, abokinka ya danne maka idon sawu, ka riƙa sulalewa gaba a hankali kana riƙe jikinka. Masu bincike sun ga yana rage irin wannan rauni da kusan rabi. Ɗumama jiki na FIFA 11+ ma minti 20 ne kacal, kada ka riƙa zille masa. Mu a zamaninmu zagaye fili sau biyu ne, sai a busa usur.

Ummanka ta ba direban Jos kilishi da ƙuli-ƙuli, kuɗin hoton suna cikin ambulan a ƙasan ledar. Ka kira ni jibi bayan Isha'i, kuma ka haɗa ni da kocin, da bakinsa nake so in ji.

Allah ya ba ka lafiya, ya yi maka albarka.

Mahaifinka.