Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinan Lafiya Na Jihar Bauchi: A Ajiye Wa Uwa Gado Kusa Da Kwalba

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya jama'a? Allah ya taya riƙo.

Ni tsohuwar ungozomar asibiti ce, na ajiye aiki, yanzu sai renon jikoki da raka matan maƙwabta awo. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, kwanaki 'yar ƙanwata da ke karatun likita ta zo hutu, ta buɗe min Google Scholar a wayarta, ta rubuta sunan Farfesa Ebunoluwa Adejuyigbe, likitar yara ta Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Takardu suka jeru, tana ja suna fitowa, ƙarƙashin kowace akwai lamba. Ta ce lambar nan ita ce yawan masu binciken da suka kafa hujja da takardar, kuma da irinta ake auna nauyin malamin jami'a. Na ce madalla, to a ɗakin jarirai me ya canja? Ta yi dariya ta ce, Inna, ai saboda ɗaya daga cikin takardun nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya umarninta. Na ce ta karanta min. Abin da ta karanta ne ya hana ni barci, don na ga aikin da na yi shekaru ina yi da zuciya ɗaya ashe akwai gyara a cikinsa.

An yi binciken a asibitoci biyar, a Gana, Indiya, Malawi, Tanzaniya da Najeriya, kuma Farfesar ce ta jagoranci ɓangaren Ile-Ife. Jarirai sama da 3,000 aka bi, masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da kilo 1.8, wato bakwaini da waɗanda aka haifa 'yan mitsi-mitsi. Rabinsu aka yi musu yadda muka saba: a saka a kwalba, sai ya yi ƙwari a ba uwa ta rungume. Sauran kuwa tun daga haihuwa aka ɗora su a ƙirjin uwa, fata da fata, ana ba su iskar numfashi da magani a nan jikinta, kusan awa 17 a yini. Cikin kwana 28, kashi 15.7 cikin ɗari na 'yan kwalba sun rasu, na 'yan ƙirji kashi 12. Da masu sa ido suka ga ratar, tun kafin wa'adi suka ce a tsayar da gwajin, bai kamata a ci gaba da raba wasu da iyayensu ba. An buga sakamakon a 2021, a watan Nuwamban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara goyon ƙirji nan take, ba sai an jira jariri ya daidaita ba.

Dabarar kanta ba sabuwa ba ce. Wani likita, Edgar Rey, ya fara ta a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978, saboda kwalabe sun yi masa kaɗan, ana cusa jarirai biyu uku a guda, suna shafa wa juna cuta. Mu ma an koya mana ita a bita, muna ce mata kangaru. Sai dai abin da aka koya mana shi ne a jira. Kuma a cikin jiran nan ne akasarin jariran da ke rasuwa suke tafiya, a kwana ukun farko.

Ban manta wani dare na hunturu ba, a wani asibiti da na yi aiki. An ɗauke wuta, injin ya ƙi tashi. Akwai wata yarinya da aka kawo daga ƙauye, haihuwar fari, ɗanta bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Tana kwance a baranda kan tabarma, ta lulluɓa da zane ɗaya, tsakaninta da ɗanta ƙofa mai rubutun hana shiga. Na taɓa tafin ƙafar yaron na ji kamar randa. Na karya doka, na kira ta ciki, na cire masa komai sai ƙyalle da hula, na kwantar da shi tsakanin nonuwanta kamar ɗan kwaɗo, kansa a juye gefe, na ɗaure da zanenta. Kakarsa ta leƙo ta taga ta ce, "'Yar nan, wa ya taɓa ganin goyo a gaba? Za ki karya masa wuya." Na ce, "Baba, ki ba ni zuwa asuba." Kafin kiran sallah ƙafar ta yi ɗumi, ya fara laluben nono da baki. Da safe faɗa na sha, wai na shigo da mai jego ɗakin da ba a shiga. Ban ga laifin mai faɗan ba, haka tsarin yake: an gina ɗakin ne don kwalba da ma'aikaci, ba a yi lissafin uwa ba.

To ga roƙona na farko, ranka ya daɗe, kuma shi ne babba. A duk babban asibitin jiha da ke da ɗakin jarirai, a shigar da gadon uwa ciki. Haka aka yi a wancan binciken, aka mayar da ɗakin na uwa da ɗa tare. Ana buƙatar gado mai jingina, famfon wanke hannu, banɗaki kusa, da labule, don matanmu ba za su buɗe ƙirji a inda maza ke kai-kawo ba. Sannan a ciyar da ita. Wannan shi ne abin da masu tsara kasafi ke mantawa. Matar da za ta yi mako biyu ko uku a kwance da ɗa a ƙirji, mijinta manomi ne daga Ningi ko Darazo, kuɗin motar kawo mata tuwo kullum ya fi ƙarfinsa. Da idona na ga an sa hannu an ɗauke bakwaini an tafi gida, ba don an gaji da magani ba, sai don babu abin da mai jego za ta ci. Kunu da tuwo sau uku ba su kai kuɗin kwalba ɗaya ba, kuma ba sa jiran wuta. Ba ina cewa a daina sayen kwalba ba, akwai yaran da dole sai ita.

Goyon ƙirji da nono kuwa tare suke tafiya. Uwar da ke baranda nononta kafewa yake yi, wadda ɗa ke jikinta zuba yake yi, ko bai iya tsotso ba a tatsa a ba shi da ɗan kofi. Nan ma akwai binciken da ya kamata kowace kaka ta ji. Karen Edmond da abokan aikinta sun bi jarirai kusan 11,000 a karkarar Gana, suka buga a 2006 cewa da za a sa kowane jariri a nono cikin awar farko, da an kauce wa kashi 22 cikin ɗari na mutuwar jarirai a watan farko. Mu kuwa har gobe akwai gidan da ake matse dakashi a zubar wai ƙazanta ne, a ɗura wa yaro ruwan ɗumi ko madarar shanu har nono ya "yi kyau". Na taɓa tarar da an tatsi nonon wata an jefa tururuwa a ciki, idan ta mutu wai nonon mugu ne. Alhali dakashin nan mai ruwan ɗorawa shi ne rigakafin yaro na farko. Ɗanɗana dabino a ganɗa da aka gada daga sunna daban, ɗura ruwa da cokali daban, kuma malamanmu sun fi ni iya bayanin wannan idan aka zauna da su. Batun zafin Afrilu da ake cewa yaro zai mutu da ƙishi, kusan kashi 88 cikin ɗari na nono ruwa ne, uwar ce za ta sha ta ƙara. Ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna kashi 29 cikin ɗari kawai na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata shida ke kan nono zalla, kuma cikin kowane 1,000 da aka haifa da rai, 39 ba sa cika wata.

Jihar nan ba baƙuwar amfani da bincike ba ce. Maganin cibiya na kulohekzidin da aka gwada a Nepal, Bangaladash da Pakistan, Sakkwato da Bauchi ne kan gaba wajen kai shi gidaje, ya fara ture gashin cibiya da tsumma da shafa man goge baki. A ƙaramar hukumar Toro an yi binciken ziyarar masu ciki gida-gida, mata na zantawa da mata, maza da mazajensu, har aka yi nazari a kan kunika, wato haihuwa kusa da kusa, da sunanta na Hausa. Abin da ke damuna shi ne sakamakon yakan ƙare a mujallar Turanci, matan da aka yi wa tambayoyin ba su sake jin ɗuriyarsa. Tunda ma'aikatarka ce ke ba da izinin bincike a asibitocin jiha, a sa sharaɗi: duk wanda ya gama, ya dawo ya faɗi abin da ya gano da Hausa, a gaban ma'aikatan da suka cika masa takardu, ya kuma shiga gidan rediyo. Likitocin yara na Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa da na Azare suna nan kusa, a kira su su duba ɗakunanmu su faɗi inda gadon zai shiga.

Sai sikeli. Ba za a san yaro na buƙatar goyon ƙirji ba sai an auna shi, kuma na san ɗakunan haihuwa da ake rubuta kilo 3 da ka, don sikelin ya lalace tun bara.

In Allah ya kai ka zagayen asibiti na gaba, ranka ya daɗe, kafin a nuna maka sabon fenti, ka tsaya a ƙofar ɗakin jarirai ka tambayi ma'aikaciyar da ke bakin aiki inda iyayen yaran nan suka kwana jiya, da wanda ya ba su abinci.

Na gode da sauraro. Allah ya ƙara wa rai albarka.

Wata tsohuwar ungozoma,
Bauchi.