A buɗe wa matasanmu fagen ilimin tsara birni da hasken rana

Malam Edita,

Ina roƙon fili in ja hankalin shugabannin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke Maraɗi a Nijar. Ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta sa aka ɗauke Maraɗi daga kwari zuwa tudu, amma ga shi yau unguwanni suna yaɗuwa ba magudanar ruwa, gidajen siminti da rufin kwano kuwa sai su zama tanda a watan Afrilu. Da Najeriya ta yanke mana lantarki a 2023, rana tana nan a kanmu, masanan sarrafa ta ne suka yi ƙaranci. Marigayi Farfesa Abdou Moumouni, masanin makamashin hasken rana ɗan Nijar, ya share wannan hanya tun tuni. A ba ɗalibai tallafin karatu har digirin dakta, su dawo su koyar a nan.

Naku,
Wani malamin makaranta, Maraɗi