Kainuwa magani ce, amma ba ta kududdufin birni ba

Assalamu alaikum. Edita, muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini mu ja hankalin jama'a kan kainuwa, ganin yanzu da ruwa ya zauna kududdufan Kano sun cika da ita, masu ɗiba kuma sun fara kai ta kasuwa a buhu.

Kowa ya san kirarinta, kainuwa dashen Allah. Ba a shuka ta, saiwarta ma ba ta taɓa ƙasa, reto take yi cikin ruwa kamar gemu. Ta nan take shan duk abin da ke cikin ruwan, mai kyau da marar kyau. Nan ne matsalar take. Kogin Jakara ya ratsa birni yana kwasar ruwan kwata, ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, sannan ya zube a dam ɗin Wasai. Kogin Challawa kuma yana karɓar ruwan masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa, inda ake amfani da sinadarin kuromiyam. Kainuwar irin wannan ruwa ta fi kowace ƙiba da kyan gani, amma jikinta na tara ƙarafa masu guba, wato dalma da kuromiyam. Wanki ba ya fitar da su, tafasawa ba ta kashe su. Ƙonawa kuwa ta fi muni, domin wuta ganyen kawai take cinyewa, ƙarfen ya rage a tattare cikin 'yar tokar da za a shafa wa yaro a ka.

Wanda zai yi magani da ita ya nemo ta daga tafkin ƙauye ko fadamar da ruwan sama kaɗai ke cikawa. Kada ya shiga ruwan da ƙafa tsirara. Dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya yana fakewa a ƙarƙashinta, ƙwayar cutar kuma ta fata take shiga. A sa takalmin roba mai tsawo, a jawo ta da manjagara daga bakin gaɓa.

Babban aikinta a wurinmu shi ne toka, don makero da ƙyasbi. A zaɓi kore shar, a yanke saiwar gaba ɗaya a zubar, don ta fi ganyen tara datti. A wanke sau 3, a shanya a kan tabarma a inuwa mai iska, kwana 5 zuwa 7, ana juyawa kullum. Kusan duk jikinta ruwa ne, kwando cike ba ya ba da abin da ya wuce 'yan cokula. In aka tara ta tsibi ba a baza ba, cikin kwana biyu za ta yi fumfuna ta fara wari, sai zubarwa. Idan ta bushe ƙayau a ƙona ta a sabon kasko, ba kananzir ba leda, har ta yi fari-fari. Tokar da ta yi baƙi gawayi ne, ba ta gama ci ba. A tankaɗe, a kwaɓa cokali 1 da man kaɗanya cokali 3. Masu gaggawa kan kwaɓa ta da ruwa zalla su shafa, fata ta saluɓe, saboda tokar na da kaifi irin na kanwa. A fara gwadawa a cikin damtse a jira kwana ɗaya. Kada ta taɓa ido ko buɗaɗɗen ciwo.

Ƙora ta kan yara kuwa, gara a faɗi gaskiya: cutar a cikin saiwar gashi take, abin shafawa ba ya isa can. Sai ƙwayar sha ta asibiti, irin su girisiyofulbin, ta sati 6 zuwa 8, tare da raba wa yaron hula da mataji, da tabbatar da wanzami ya tsabtace askarsa.

Ana kuma dandaƙa ɗanyen ganyen, a ɗumama, a ɗaura a kan maruru don ya nuna.

Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne jiƙa ta ɗanya a sha don tari ko ɗaurewar fitsari. Ganyenta na da wasu ƙananan allurai da ido ba ya gani, irin waɗanda ke sa ɗanyar gwaza ƙaiƙayin maƙogwaro, kuma sinadarinsu shi ne wanda ke zama tsakuwar ƙoda. Mai ciwon ƙoda da mai juna biyu da ƙananan yara su nisance ta, har da lasar tokarta.

Sai kira ga masu unguwanni da hukumomin tsabtar muhalli. Akwai sauron da tsutsarsa ke manne wa saiwar kainuwa tana shaƙar iska ta nan, kuma yana cikin masu yaɗa tundurmi. A kwashe ta daga kududdufan unguwa, a shanya nesa da gidaje a binne, kada a ba akuya ko agwagi. Masu sayar da ita a Kasuwar Kurmi da sauran kasuwanni su riƙa faɗa wa mai saye tafkin da ta fito, shi ma mai sayen ya tambaya.

Mun gode, Edita.

Daga wasu masu harhaɗa magungunan gargajiya, birnin Kano.